Shata a Indiyana, Aƙilu a Landan

Ran da na dawo Kwandiko bayan shekara biyu a Maleshiya, kakata ce ta fara karɓar kundin digirina na biyu, mai baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Ta jinjina shi a hannu kamar mai tayin kaza a kasuwar Sara, ta buɗe tsakiya, ta rufe. Sannan ta ce, "To maigida, wannan ne abin da ya hana ka zuwa jana'izar Baffanka? Karanta mini in ji."

Na ce da Turanci yake. Ta ce to in faɗa mata da Hausa.

Aikin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Na koya wa kwamfuta ta riƙa mayar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ a rubutun da aka buga babu su, irin wanda muke yi a waya kullum. In ta ga "ya karya kafa" ta san ƙafa ake nufi, in ta ga "ya kafa shago" ta bar shi yadda yake. Shafi 94, wata bakwai ina rubutu, gyara sau uku bayan na kare shi a gaban malamai. Da na gama bayani sai ta ce, "Wato shekara biyu ka yi kana koya wa ƙarfe abin da ɗan yaye ya sani." Aka yi dariya, har da ni. Amma abin da na kwana da shi daban ne. Bayanin da na yi mata bai wuce shafi biyu ba. Sauran 92, inda ainihin wahalar take, ba ni da bakin faɗarsu da Hausa.

Masu dawowa daga karatu a waje sun fi yin kukan wuta da zafi da rashin sabis. Gaskiya ne, amma waɗannan masu wucewa ne. Cikin wata biyu na sayi farantin sola, na gano kusurwar gida da waya ke kamawa, cikina kuma ya daina yi wa ruwan rijiya gardama. Wanda ba ya wucewa da sauri shi ne ka tarar kanka yana aiki da harshe ɗaya, gidanku yana magana da wani. Na ɗauka ciwon 'yan kwamfuta ne kawai, sai da na fara bin sawun waɗanda suka riga mu tafiya, na ga ashe tsohon miki ne, kuma akwai waɗanda suka yi masa magani mai wuya.

Tafiya neman ilimi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashnawi, malamin Katsina, ya tafi aikin hajji, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan lissafin hatimi, wato gidajen lambobi da ke ba da jimla ɗaya ta kowace fuska, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Shi bai dawo ba. Amma da ya dawo, da bai sha irin tambayar kakata ba, domin harshen da ya yi rubutu da shi shi ne harshen zauren da zai zauna ya karantar, kuma malaman zaure sun daɗe da sanin yadda ake ɗauko jimlar Larabci a warware ta da Hausa, kalma bayan kalma. Karatun boko ne ya zo da kundin da ba shi da zaure.

A 1975 Jami'ar Indiyana da ke garin Bulumintan a Amurka ta ba Ɗandatti Abdulƙadir digiri na uku. Kundinsa a kan matsayin mawaƙin baka ne a al'ummar Hausa da Fulani, kuma wanda ya ɗauka ya yi nazari shi ne Mamman Shata. Shekara biyu bayan haka, a 1977, Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, wadda aka fi sani da SOAS, ta ba Ɗalhatu Muhammad nasa, a kan fasahar Aƙilu Aliyu. Mai karatu ya tsaya ya dubi wannan hoto da kyau. Shata yana nan da ransa, yana yawo da 'yan kalangunsa tsakanin Funtuwa da Kano da Kaduna. Aƙilu yana Kano yana rubuta waƙa yana rerawa. Amma wanda zai zama dokta a kansu sai ya hau jirgi, ya je ƙasar da ake ƙanƙara, ya zauna ya juya waƙarsu zuwa Turanci, ya gamsar da malaman da yawancinsu ba su taɓa zama a wajen da Shata ke wasa ba.

Ba son yawo ne ya kai su ba. Jami'ar Ahmadu Bello sai a 1962 aka buɗe ta, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuwa reshenta ce, ba ta zama jami'a mai cin gashin kanta ba sai 1977. Waɗanda za su duba aikin digiri na uku a kan harshe da adabi ba su da yawa a gida. A Landan kuwa an daɗe ana koyar da Hausa, tun ana koya wa jami'an mulkin mallaka masu zuwa Arewa, kuma malamai irin su Parsons da Arnott da Hiskett suna can. A nan ne M. K. M. Galadanci ya gama nasa digirin a kan nahawun Hausa tun 1969. Amurka ita ma tana da nata dalilin. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, majalisar Amurka ta yi doka a 1958 wadda ta zuba kuɗi a koyar da harsunan duniya, har da na Afirka, don kada a bar ta a baya. Da irin wannan kuɗi Hausa ta sami gindin zama a Indiyana da Wiskonsin da Los Anjalis, inda Dauda Bagari ya gama nasa a 1976. Abin dariya, abin tausayi: yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Rasha yana cikin abin da ya buɗe wa kalangun Shata ƙofar jami'a.

Akwai kuma tambayar da ke tashe a irin waɗannan sassa a lokacin. Tun shekarun 1930 Milman Parry da almajirinsa Albert Lord suka yi ta ɗaukar muryar mawaƙan baka a Yugoslabiya, suna son gane yadda mutumin da ba ya rubutu yake shirya doguwar waƙa nan take a gaban jama'a. Duk wanda ya san Shata ya san ba a buƙatar zuwa Yugoslabiya don ganin wannan. Saboda haka ɗalibin da ya zo da Shata a jakarsa ya zo da dukiya, kuma malamansa sun san haka.

Ina yawan tuna ƙaramar wahalar da ba a rubutawa a tarihi. Tafiretar Ingila da ta Amurka ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Masu rubutun Hausa a wancan zamani sukan buga b da d da k, sannan su bi shafi-shafi da alƙalami suna ɗora ƙugiya, ko su yi dabarar sa ɗigo ko waƙafi a gefen harafi. Aikin da na kwashe shekara biyu ina koya wa kwamfuta, su da hannu suka yi shi, a ɗaruruwan shafuka, da dare, bayan an gama tunanin da ya fi wannan nauyi. In ka yi kuskure a tsakiyar shafi kuma, babu maɓallin gogewa.

To an gama, an ɗaure kundi, an ajiye kofi a ɗakin karatu na jami'a. Na Amurka a aika wa wani kamfani a garin An Abo na jihar Mishigan ya ɗauke shi a ƙaramin fim, duk mai so ya aika da daloli a wanko masa. Sai a dawo gida. A nan ne labarin ya rabu biyu.

Akwai kundin da ya tsaya inda aka ajiye shi. Ibrahim Tahir, wanda ya yi aiki a sashen Hausa na BBC kafin ya shiga Kambirij, ya gama digirinsa na uku a 1975 a kan malamai da 'yan ɗariƙa da attajiran Kano daga 1904 zuwa 1974. Da wuya ka buɗe wani littafi mai nauyi a kan tarihin kasuwanci ko ɗariƙun Kano ba ka ga an ambace shi ba, kuma kullum a matsayin kundin da ba a buga ba. Ya dawo Zariya ya koyar, siyasa ta ja shi, ya zama cikin waɗanda suka kafa NPN a 1978, ya zama Talban Bauchi, ya rasu a 2009. Jikokin attajiran Kantin Kwari da Ƙofar Wambai, waɗanda labarin kakanninsu ne a ciki, nawa ne suka taɓa ganin bangonsa? Ba laifinsa nake gani ba. Ƙasar da ke da 'yan daktoci ƙalilan ba ta barin su su zauna su mai da kundi littafi. Kafin ka sauke akwati an ba ka shugabancin sashe, an sa ka a kwamiti uku, gwamna yana nemanka.

Ɗandatti da Ɗalhatu su ma wannan guguwa ta same su, amma ta zo musu ta wata fuska. A watan Satumba na 1976 gwamnatin soja ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. A 1977 aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, kuma kowane ɗalibi ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci. Nan take aka buƙaci dubban malaman Hausa, da waɗanda za su koyar da malaman, da littattafan da za a koyar da su. Mutumin da ya dawo da kai cike da kalmomin nazari na Turanci sai ga shi a gaban aji, ɗalibai sun fito daga kwalejojin horon malamai da makarantun Arabiyya, kuma darasin Hausa ne. Da wane baki zai gaya musu abin da ya rubuta a Landan? Tambayar kakata ce, sai dai su ba dariya aka yi aka tashi ba. Jarrabawa na jiran su a ƙarshen zango.

Abin da suka yi shi ne suka zauna suka ƙera kalmomin. Wasu suka ɗauko daga Larabcin zaure, wanda ya riga ya ba mu baƙi da wasali da nahawu da ƙafiya. Wasu suka ɗebo daga bakin masaƙa da maɗinka da mahauta. Duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya san jigo da salo, da zubi da tsari, da warwarar jigo, da amsa-amo, da tsarin sauti da ginin jimla. Ya san ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ɗan guntun da ake liƙa wa kalma a gaba ko a baya. Ni dai a duk kalmomin fannin ilimi da na sani, da Turanci ko da Hausa, ban ga wadda ta kai ɗafa-ƙeya daɗi ba. Kana jin ta ka ga abin da idonka. Jigo kuwa kowa ya san shi a bakin rijiyar lambu, shi ne sandar da ke ɗauke da guga, sai ga shi ya zama abin da ke ɗauke da waƙa. Muna faɗin waɗannan kalmomi yau kamar da su aka haifi harshen, alhali a ma'anarsu ta aji ba su girmi iyayenmu ba. An yi ta gardama a kansu a tarurruka da mujallar Harsunan Nijeriya ta Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano, har aka tattara su a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da aka buga a 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya.

Abdulƙadir Ɗangambo ya bi wannan hanya. Kundinsa na SOAS a 1980 a kan waƙoƙin wa'azi ne, daga wajen 1800 zuwa wajen 1970, da Turanci. Amma ɗaliban Hausa ba da wannan suka san shi ba. Sun san shi da Gadon Feɗe Waƙa, inda ya shimfiɗa yadda ake nazarin waƙa mataki-mataki, ya ari sunan daga wajen mahauta. Bagari ya fitar da Bayanin Hausa a 1986. Ɗandatti, wanda tun 1974 ya buga littafi a kan Sa'adu Zungur, ya tattara Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Da da na Yanzu a 1979. Ɗalhatu kuwa ya shirya Fasaha Aƙiliya, waƙoƙin Aƙilu da Hausarsu, littafin da ya shiga hannun 'yan makaranta. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, domin Aƙilu shi ne mai Hausa Mai Ban Haushi, waƙar da ta yi wa 'yan boko masu wulaƙanta harshensu tatas. Mutumin da ya rubuta ɗaruruwan shafuka da Turanci a kan mai wannan waƙa ya san akwai bashi a kansa, ya kuma biya.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. A 1988 Sa'idu Muhammad Gusau ya kare digirinsa na uku a Jami'ar Bayero a kan waƙoƙin makaɗan fada, da Hausa. A 1995 Aliyu Muhammad Bunza ya kare nasa a nan, a kan magungunan Hausa a rubuce, shi ma da Hausa. Shekara 13 ke nan tsakanin Shata a Indiyana da makaɗan fada a Kano. A wannan shekara ta 1988 ce kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata kansa digirin girmamawa, ya zama Dokta Mamman Shata. Wanda aka yi nazari ya kamo wanda ya yi nazarin.

Kada a ɗauka cikin daɗi aka yi wannan. Waɗanda suka dawo a tsakiyar shekarun 1970 sun tarar da kuɗin mai, naira ta fi dalar Amurka daraja, malamin jami'a yana iya yin odar littafi daga Landan da albashinsa. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Babangida ta saki naira a kasuwa, kafin ƙarshen shekara sai ka ba da fiye da naira 3 ka karɓi dala ɗaya. Mujallun waje suka daina zuwa ɗakunan karatu, malamai suka fara ficewa, a 1988 aka haramta ƙungiyar malaman jami'o'i. A 1986 ɗin ne Ɗandatti ya zama shugaban Jami'ar Bayero. Wanda ya yi shekaru yana sauraren faifan Shata yana rubutawa, sai ga shi da takardun albashi da rikicin ɗalibai.

Akwai inda nake ganin aikin nasu ya tsaya rabi, kuma gara in faɗa. Kalmomin sun zauna a aji, amma ba su cika fita tsakar gida ba. In na ce wa kakata "warwarar jigo" za ta ɗauka igiyar guga ce ta kwance. Wasu ɗalibai kuma sun mai da gadon feɗe waƙa tamkar fom ɗin banki, a cike gurbi a ba da maki, waƙar ta mutu a kan gadon. Sannan su kundayen na asali, da hirarrakin da ke cikinsu da mutanen da yanzu babu su, da Turanci suka zauna. Shata da Aƙilu duka sun rasu a 1999. Babban littafin tarihin Shata da Hausa, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta, sai a 2006 ya fito, shekara 31 bayan kundin Indiyana, kuma ɗan jarida ne ya ja ragamarsa.

Yau nesa ta zo kusa ta wata fuska. SOAS ta ɗora tsofaffin kundayenta a intanet kyauta, ana iya sauke su a waya daga Kwandiko in sabis ya yarda. Amma ajiyar da ke hannun wani ba taka ba ce. A watan Oktoba na 2023 'yan kutse suka afka wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, rumbun da ke tattare da bayanan kundayen digiri na uku na jami'o'in ƙasar ya rufe, masu bincike a duniya suka yi ta jira. A matsayina na mai rubuta manhaja, abin da na fara tambayar kaina shi ne: kofi nawa na waɗannan ayyuka ke ajiye a Kano ko Zariya ko Dutse, a na'urar da mu ke riƙe da makullinta? Ko zanen da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa a nan Birnin Kudu, wanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950, yaron da ke kiwo a gindin dutsen bai taɓa jin abin da aka rubuta ba.

Mu 'yan kwamfuta muna inda su Ɗalhatu suke kafin su fara, ko ma baya. Muna da manhaja, muna da rumbun bayanai, muna da ƙirƙirarriyar basira da gidajen rediyo suka yaɗa. Daga nan sai kame-kame. Kuma babu manufar ilimi da ta tilasta mana, babu aji da ke jira. Mai ba ni aiki yana wata ƙasa, da Turanci muke magana, da dala yake biya. In na fassara kundina babu wanda zai ƙara mini ko sisi. Su ma dai, in an duba, ba da littattafan Hausa ake saurin hawa matakin farfesa ba.

Na fara duk da haka, bayan sallar isha'i, shafi ɗaya ko rabi. Na kai shafi na 11, inda ake bayanin yadda na'ura ke duba kalmomin da ke kewaye da kalma kafin ta yanke hukunci a kanta. Na rubuta "mahalli", na goge. Na rubuta "muhallin kalma", na ji kamar sanarwar ma'aikatar tsabtace gari. Da safe na kai wa kakata ƙara, tana tsince wake a faifai. Na ce, "Kaka, in kalma ba a gane ta sai an dubi waɗanda ke gabanta da bayanta, me za a kira su?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Maƙwabta mana. Kai wai me suka koya maka a can?"

Na rubuta maƙwabtan kalma. Shafi na 12 lissafi ne zalla, yau kwana tara ina kallon sa.